Hancin Taubashina

Shekara ashirin da 'yan kai muka yi muna dafa mazarƙwaila, ni da taubashina, a bakin wata fadama da ke bayan Makarfi. Na ce "muna dafawa" ne saboda alƙalamin a hannuna yake. Gaskiyar magana shi ke dafawa. Ni aikina in tura rake a bakin inji, in zagi dokin da ke juya injin, in kuma cika wa jama'a kunne da labarai. A cikin ayyukan nan uku, na ƙarshen ne kaɗai ba a taɓa cewa na yi kasala a kansa ba.

Ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata, ya girme ni da shekara huɗu. Dukanmu 'yan Janfalan ne. Da damina kowa na gonarsa. Da zarar an kawar da amfanin gona rake ya ƙosa, sai in goya shi a babur mu bi ta Ikara, mu tare a wurin wani Alhaji mai injin matsa, ba komawa gida sai jefi-jefi har ƙarshen rani. Wanda ya san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ya san ba a gaisuwar arziki. Tun muna yawo ba wando ban taɓa ce masa sannu ba, shi ma bai taɓa kirana da sunan da aka yanka mini rago ba. Tulu yake ce mini, wai don ba ni da wuya, daga kai sai ciki.

Aikin ba shi da wani asiri a ido. Doki na zagaye, inji na murje rake, ruwan na zuba a garwa. A juye shi cikin wani ƙaton kaskon ƙarfe wanda in ka faɗa ciki sai an nemo masunta. A hura wuta da busasshiyar tukar rake, wato abin da inji ya tofar. A yi ta kwashe kumfa da ludayi mai dogon hannu, ruwa na ƙafewa yana kauri. Asirin duk a wuri ɗaya yake, lokacin saukewa. Ka yi gaggawa, ba za ta daskare a kwano ba, sai dai ka sayar da kunu. Ka yi jinkiri kaɗan, ta yi baƙi ta yi ɗaci.

Sauran masu dafawa da kofin ruwan sanyi suke gwadawa, a ɗiga kaɗan a ciki a taɓa da yatsa a ji ko ta dunƙule. Taubashina yana ganin wannan abin kunya ne. Shi baya ma yake juya wa kaskon. Ya zauna a kan kututture yana tufkar igiya ko yana ɓare goro, sai kawai ka ga hancin ya motsa, ya ce, "Sauke!" Ma'aikata biyu su zura sanduna su ɗaga, a zuzzuba a ƙananan kwanoni.

Hancin nan, in iska ta kaɗo daga Kudan sai ya gaya maka gidan da miya ta kwana ba a ɗumama ba. Wata rana ya ce in matsa can, na ci ƙosan tasha shekaranjiya. Kuma na ci. Mazarƙwailarsa ja ce garau, in ka ɗaga ta a rana kamar ka hangi yatsunka ta ciki. Akwai wata Hajiya 'yar Kudan da ke kwashe kusan rabin abin da muke yi duk ran kasuwar Makarfi, tana rarraba wa masu nakiya da dakuwa. Ba ta taɓa ɗanɗanawa kafin ta saya ba. Ta dai tambaya, "Hannun mai hancin ne?" In aka ce e, shi ke nan.

Sau ɗaya na taɓa jin ya yi magana kan aikin ba da wasa ba. Muna jera kwanoni ya ce, "Tulu, ka san kowace ɗaya a nan tana da inda za ta? Wannan kunun mai jego za ta shiga. Wannan kuwa wani tsoho ne da ba shi da haƙori zai ajiye ta a kumatu tun hantsi har azahar." Na ce ta ukun fa, ai cikin Tulu za ta. Na ɗauke na jefa a baki, zancen ya mutu a nan.

To, ga al'adarmu. Duk kaskon da aka sauke, sai in yar da raken da ke hannuna, in ɗora hannu a ka in kurma ihu, "Wayyo jama'a, ya ƙona! Ya kashe Alhaji! A kawo ruwa!" Shi kuma ko waiwayowa ba ya yi, sai ya ce, "Je ka ci tuka kai da ƙanenka doki." Ma'aikata su bushe da dariya. Kasko biyar a rana, ihu biyar. Shekara ashirin. Har dokin ya san wurin, da ya ji ihuna sai ya tsaya ya huta.

Wata damina zazzaɓi da mura suka kwantar da shi kusan mako uku. Ya tashi, ya rame, amma ya tashi. Da lokacin rake ya yi na goya shi kamar kullum. Mun wuce Ikara kaɗan sai na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Tulu, ka san hancina ya mutu?"

Na ce, "Inna lillahi! Yaushe za a yi jana'iza? Sai dai a haɗa makara biyu, ɗaya ba za ta ɗauke shi ba."

Ya yi dariya, na ji cikinsa na motsi a bayana. Bai sake ɗaga maganar ba. Ni kuwa har na ji daɗin amsar, da muka isa na maimaita wa ma'aikata.

A makon farko kasko ɗaya ya fito da duhu. Na ce ko raken ne. A mako na biyu, cikin kowane uku sai ɗaya ya lalace. Yana zaune dai a kan kututturensa, baya ga kasko, hayaƙin ƙuna na tashi har yana shiga mini ido daga wurin inji, shi kuwa yana ɓare goro hankali kwance. Sai can ya ce, "Sauke!" da irin muryar nan tasa ta sarauta.

Na yar da rake na ce, "Ya ƙona!"

Aka yi dariya. Ma'aikatan da suka ɗaga kaskon sun ga abin da na gani, amma su ma suka yi dariyar, don sun saba, kuma don ta fi shiru sauƙi.

Ran kasuwa Hajiyar Kudan ta zo, ta dubi kayan, ta dube ni. A karon farko ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Ta tofar, ta goge baki da gefen mayafi.

"Kai, mai ciki, wannan mazarƙwaila ce ko maganin shawara?"

Na ce, "Hajiya, sabon samfuri ne, daga ƙasar waje aka kawo dabarar."

"To ka mayar musu. Me ya sami mai hancin?"

Na ce lafiyarsa lau. Ta zaɓi masu kyan ta tafi, ta bar mini sauran a gaba ƙuda ma na yi musu kallon raini.

Da yamma Alhaji ya kira ni gindin mangwaro. Mutum ne mai kawaici, bai iya faɗa ba. Ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gani. Ni ba zan iya duban idon dattijon nan in ce masa aikinsa ya lalace ba, tun zamanin mahaifina yake kan kaskon nan. Ma'aikatan kuwa sa'o'in 'ya'yan cikinsa ne, wa zai buɗe baki? Kai ne Allah ya ba lasisin gaya masa duk abin da ka ga dama. Ka gaya masa. In ya gyara, wurinsa na nan. In abin ya ci gaba, dole in nemo wani, rake ba ya jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin aiki ne."

Washegari bayan la'asar na same shi a rumfar da muke hutawa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har da ya iyali ya gajiya. Ya dube ni, ya leƙa waje ya ƙwala wa ma'aikata kira, "Ku zo ku ga Tulu ya tuba! Ku yi sauri kafin ya warke!"

Na ce, "Magana ce da ni ta gaskiya. Mazarƙwailar nan tana ƙonewa."

"Ai tun kana da gashi take ƙonewa."

"Wallahi tana ƙonewa."

"Yau har da rantsuwa? To sai ka shirya azumi uku, in cikin zai yarda."

Na ciro guda daga aljihu, baƙa ƙirin, na miƙa masa. Ya gatsa, ya tauna, ya lumshe ido. Ya ce, "Zuma." Sai a lokacin na gane ashe ba hancin kaɗai ya tafi ba, ya ja harshen sun tafi tare. Na ce ya dubi launinta. Ya ce a inuwa muke, kuma raken bana na tudu ne, dama yakan yi duhu. Ma'aikata na bakin rumfa suna jiran inda wasan zai ƙare. Na rasa yadda zan yi, sai na tashi na yi musu rawar tulu, aka watse.

Na gwada wasu dabarun. Na riƙa zagayawa ta bayan murhu ina janye wuta a ɓoye. Kunnensa kuwa lafiya lau, da ya ji tafasar ta sauya sai ya ce wane ɗan banza ne ke taɓa masa wuta. Na ajiye kofin ruwan sanyi kusa da kututturensa kamar an manta. Ya ɗauka ya sha, ya ce Allah ya yi wa wanda ya kawo albarka.

Ran Juma'a na hau babur na tafi Janfalan wurin matarsa. Ina fara magana ta ɗaga mini hannu.

"Na sani. Tun da ya tashi daga ciwon nan na gane. Rannan da gangan na hana miya gishiri da daddawa, ya cinye ya ce ban taɓa yin mai daɗinta ba."

"To ki gaya masa mana."

"Ni? In dubi mai gidana in ce masa abin da yake taƙama da shi ya ƙare? Kai fa? Kai da aka haifa don ka gaya masa baƙar magana?"

Na ce ina gaya masa sau biyar a rana.

Ta ce, "To ka ga aikinka." Ta juya tana tankaɗe. Ko ruwa ban sha ba na fito.

Abin da ya faru bayan kwana biyu ban shirya shi ba, kada wani ya ce dabara ce. Da hantsi ne, kasko na biyu. Ƙaurin ƙuna ya cika fadamar, ina jin tsuntsaye ma sun yi ƙaura. Ya ce, "Sauke!" Aka sauke. Abin da ke ciki kamar kwaltar da ake zuba wa titi. Kowa ya juyo yana jiran ihuna, doki ma ya tsaya. Na buɗe baki, ihun ya ƙi fitowa. Na dubi ƙeyarsa, furfura ta cika ta, ga wuyan ya zama siriri. Tausayi ya kama ni, sai na ji bakina ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Ta yi kyau."

Goron da ke hannunsa ya faɗi.

Ya juyo a hankali ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo da saƙon rasuwa. Ya tashi, ya ɗebo kaɗan a ludayi, ya fita daga inuwa ya tsaya cikin rana. Ya daɗe yana kallo. Ya kai ludayin hanci, ya ja numfashi, ya sake ja.

"Tun yaushe?" ya tambaye ni.

"Tun farkon zuwanmu."

"Kuka bar ni?"

"Kullum ina faɗa maka."

"Kullum kana faɗa mini," ya ce. Ya ajiye ludayin. "Na ɗauka ya dawo. Ina zaune sai in ji ƙanshin ya zo kamar da. Ashe tunawa nake yi."

A ranar ya je wurin Alhaji da kansa, ya roƙi mako ɗaya. Ya ce yana da sani ba shi da hanci, Tulu na da hanci ba shi da sani, a bari a haɗa a gani. Alhaji ya yarda. Aka sa wani a bakin inji, aka tsayar da ni gaban kasko.

Ya ce ƙanshi uku ne. Na farko kamar ɗanyar ciyawa da aka yanka da safe. Na biyu kamar dankalin da aka gasa a toka. Na uku ba shi da abin kwatance, kuma ba ya daɗewa, tsakanin sallama da amsawa ya wuce. "Da ka ji dankali ka shirya. Da ka ji abin da ba dankali ba kuma ba ƙuna ba, ka yi magana."

Jama'a, ni hancina abinci kawai ya sani, shi ma sai an zuba a kwano. Na tsaya a kan kaskon nan ina shaƙa har sai da na ji gashin hancina ya dahu. Kasko na farko na yi gaggawa na ce a sauke, aka zuba a kwanoni, har la'asar tana gudana, ma'aikata suka sha da cokali. Na biyu na tsaya neman tabbaci, kafin in buɗe baki ta kama. Shi kuma yana gefena, ya daina zama a kututture, yana kallon kumfa, yana sauraren tafasa, yana tambayata, "Me ka ji? Yanzu fa? Yanzu fa?" Ya ma sauke girman kai ya ɗauki kofin ruwan sanyin, amma yatsun da ba su taɓa koyon abin ba sun ƙi ganewa, kafin ya gama murzawa lokaci ya wuce.

Duk da haka, in za a tambaye ni makon da na fi jin ni ma'aikaci ne a duniya, wannan ne. Shekara ashirin ina taku goma daga kaskon nan ban san ruwan rake na sauya murya ba. Ban san akwai lokacin da kumfa ke yin manyan idanu tana fashewa a hankali kamar tana gajiya ba. Kafaɗata na gogar tasa, gumi na zuba, ba wanda ya zagi wani. A rana ta huɗu wani abu ya bugi hancina, mai daɗi, mai nauyi, na daka tsalle na ce, "Sauke! Sauke!" Ta fito ja garau. Ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Ka ji shi ke nan. Riƙe shi." Na ce na riƙe shi da hannu biyu, ko barci ba zan yi ba don kada ya gudu.

Kasko na gaba na neme shi na rasa. Na bayansa ma haka. Har makon ya ƙare ban sake dacewa ba, kuma har yau ban san ko ranar ma ji na yi ko sa'a ce.

Rake ya taru a ƙasa ya fara tsami. Alhaji ya kawo wani mutumin Kudan, mai ladabi, da kofinsa a aljihu. Mutumin ya durƙusa har ƙasa ya gai da taubashina, ya ce tun yana yaro yake jin labarinsa. Na so a ce mugu ne in sami wanda zan zaga, amma ba mugu ba ne, kuma aikinsa ba laifi. Alhaji ya ce dattijo ya zauna ya riƙa lura da zuba wa kwanoni, ba abin da za a rage masa. Taubashina ya yi kwana biyu yana jera kwanoni. A na uku ya naɗe tabarmarsa ya ce in kai shi gida. Tun daga Makarfi har Janfalan ba wanda ya ce uffan. Ni da ke iya yi wa gawa hira.

Ni na koma bakin inji, iyali na jira. Bayan wata guda na kai masa ziyara, na riƙa masa mazarƙwaila guda biyu daga ta mutumin Kudan. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni kamar baƙo, ya aiki, ya Alhaji, ya mutanen fadama. Na ce wa ya rasu ake yi mini wannan karamci, ina Tulun ya tafi? Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka," ya ci gaba da sassaƙa.

Da na ba shi tsarabar ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci duk da ya san ba komai. Sai ya miƙo mini.

"Gaya mini yadda take."

Na gyara zama na ce ƙanshinta in ya tashi, matafiya a titin Zariya sai sun tsayar da mota.

"A'a. Ban da ƙari. Yadda take kawai."

Na shaƙa. Na sake shaƙa. Na nemi magana ɗaya tak wadda ba ƙari a cikinta, na rasa. Na ce, "Tana da ƙanshi, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya aika da ita cikin gida a sa a kunu.

Da zan tafi ya rako ni wurin babur. Har na tayar sai ya dafa kafaɗata ya ce, "In raken tudu ne, ka ce wa mutumin nan ya rage wuta tun daga rabin dahuwa, ya fi na fadama saurin kamawa. Na yi shekara goma kafin in gane haka. Kada ka ce ni na ce. Ka dai dawo ka gaya mini abin da ya ce."

Washegari na ja mutumin Kudan gefe na gaya masa, a natse, ba wasa. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce Allah ya saka da alheri, amma ai ya sani, a wurinsu kowa ya san haka.

Juma'a uku ke nan ina cewa zan je Janfalan. Babur lafiyarsa lau, ga mai a ciki. Na dai san abin da zai fara tambayata tun kafin in cire takalmi.